Ɗan Tata: Yadda Laƙabin Wani Marayan Bebeji Ya Zama Sunan Gida

A cikin sunayen gidajen da suka yi fice a ƙasar Hausa a shekaru ɗari da suka wuce, da wuya a sami wanda ya yi nisan zango kamar Dantata. Yana rubuce a ƙofofin kamfanoni da jikin motocin aikin hanya, kuma da Alhaji Aminu Alhassan Dantata ya rasu ranar 28 ga Yuni 2025 aka kai shi Madina aka binne, gidajen rediyo na gida da na waje sun kwana suna maimaita shi. Amma mutumin da ya fara amsa wannan suna, Alhassan, mahaifinsa Abdullahi ne, kakansa Baba Talatin, mahaifiyarsa kuma ana kiranta Amarya. Babu mai suna Tata a cikin waɗanda suka haife shi. Tata wata tsohuwar baiwa ce a garin Bebeji, wadda aka bar wa riƙon 'ya'yan Abdullahi bayan rasuwarsa, mutanen gari suka riƙa kiran yaron da suke gani a hannunta Ɗan Tata. A ganina wannan suna ya fi duk wata doguwar nasaba faɗar gaskiyar yadda gidan ya tashi, domin ya adana wahalar macen da ta yi rainon, wadda ba don shi ba da tuni ta ɓace daga tarihi, kuma hanyar da ya bi ya zama sunan zuriya tana nuna yadda Bahaushe ya sami abin da ake kira sunan iyali a yau.

Sai an fahimci fataucin goro kafin a fahimci dalilin da ya sa ɗan madugu ya tashi a hannun baiwa. Iyayen Alhassan Agalawa ne, ɗaya daga cikin rukunonin fatake uku da suka riƙe hanyar Gwanja a ƙarni na 19, sauran biyun su ne Tokarawa da Kambarin Barebari. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan ayarin goro, ya nuna cewa kakannin Agalawa sun gangaro ne daga arewa, daga cikin Buzayen da ke ƙarƙashin Azbinawa, suka yi zango a ƙasar Katsina, daga baya suka bazu cikin garuruwan ƙasar Kano. Gidan su Alhassan ma haka ya bi: Baba Talatin ne ya taso da iyalinsa daga Katsina zuwa Madobi. Sana'arsu ita ce su ɗora wa jakuna baƙin rini da kanwa da fatu, su tsallake Kwara, su ratsa Bargu har kasuwar Salaga, su juyo da goro. Tafiya ce ta wata da watanni, wani lokaci shekara ta zagayo ayari bai dawo ba, kuma mata na bin mazajensu, wasu ma da nasu jarin. Bebeji kuwa, gari mai ganuwa a kan hanyar Kano zuwa Zariya, mashiga ce ta irin waɗannan ayarori. Baturen nan Hugh Clapperton ya bi ta cikinsa a 1826 ya ambace shi a matsayin babban garin 'yan kasuwa. Labarin da gidan ya riƙe shi ne cewa a zangon Bebeji naƙuda ta kama Amarya a 1877, ayarin Abdullahi na kan hanyar Gwanja, da ya dawo kuma sai ya bar Madobi ya tare a Bebeji.

Abdullahi ya rasu wajen 1885, Alhassan bai wuce shekara 8 ba. Amarya 'yar kasuwa ce mai abin hannunta, sai ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yau ta zauna. Wanda bai san zamanin ba zai ga kamar ta yi watsi da 'ya'yanta ne, alhali kuwa kasuwa ce ta koma can. Tun da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 ikon Asante kan hanyoyin goro ya yi rauni, goro ya fara gangarawa bakin teku, zangon Hausawa na Ankara ya cika, Salaga kuma ta yi ta ja da baya har yaƙin cikin gida ya watse ta a 1892. Mai son jarinta ya rayu dole ta bi goro inda ya nufa, kuma ba a jan ƙananan yara cikin irin wannan tafiya, musamman waɗanda ke makarantar allo. Saboda haka aka bar su wurin Tata. Riƙo ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe. Uwa na jin kunyar ɗanta na fari har ba ta faɗar sunansa, kaka ko gwaggo ko kishiyar uwa kan ɗauki yaro da zarar an yaye shi, kuma wata Bahaushiya, Baba ta Karo, ta ba marubuciya Mary Smith labarin yadda ita da Allah bai ba ta haihuwa ba ta riƙe 'ya'yan dangi har ta aurar da su. Abin da ya bambanta labarin Bebeji shi ne mai riƙon ba 'yar dangi ba ce, baiwa ce, kuma riƙon ya daɗe har gari ya daina danganta yaron da kowa sai ita. Wanda ya san ƙauye ya san yadda hakan ke faruwa. Idan aka aiki yaro kasuwa aka ce yaron wane ne wannan, amsar da ake bayarwa ita ce sunan wanda yaron zai koma wurinsa ya ci tuwon dare.

Mai shakka zai ce wannan labarin baka ne, kuma kowane gidan arziki yakan ƙawata mafarinsa da maraici da wahala domin nasarar ta ƙara girma. Gaskiya ne attajirai na son a ce daga ƙasa suka taso. Amma a duba irin abin da gidaje ke ƙirƙira idan za su ƙirƙira. A ƙasar nan mutane kan jingina kansu da Sharifai, ko da wani malami da ya zo daga Gabas, ko da gidan sarauta, ko da mai tutar jihadi. Gidan da ke da madugu a matsayin uba da attajiri a matsayin kaka ba shi da wata riba a ƙago baiwa ya ɗora sunansa a kanta, a cikin al'ummar da har yau ake binciken asali kafin a ba da aure. Labarin da bai ƙara wa mai ba da shi daraja a idon jama'a ba, amma ya ci gaba da ba da shi, ya fi kusa da gaskiya. Ƙari a kan haka, ginin sunan bai saɓa wa al'ada ba ko kaɗan. Kalmar ɗa a bakin Bahaushe ba ta tsaya kan uba ba: Ɗanjuma da Ɗanladi da Ɗan'asabe 'ya'yan rana ne, Ɗan'azumi ɗan wata ne, a fadar Kano kuma akwai sarautar Ɗan Iya. Ko tsohon tarihin sarakunan Kano, wanda Baturen nan Palmer ya fassara a 1908, yakan kawo sunan mahaifiyar sarki kusa da nasa. Danganta namiji da mace abu ne da kunnen mutanen Bebeji ya saba da shi.

Bai kamata a wuce kalmar baiwa da sauri ba. Kudancin Kano a ƙarni na 19 wuri ne da 'yanci ke iya suɓuce wa mutum a yini ɗaya. Ningawa na fitowa daga duwatsunsu su faɗa wa ƙauyukan Tudun Wada da Rano su kwashi mutane, sarakunan Kano, musamman Abdullahi Maje Karofi wanda ya yi mulki daga 1855, suna kai musu yaƙi su ma su dawo da kamammu, gandaye da rinji kuwa bayi ne ke nome su. Alhassan da kansa ya ɗanɗana. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a 1893 Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, 'ya'yan Maje Karofi suka fice zuwa Takai ƙarƙashin Yusufu, basasa ta ɓarke. Yusufu ya rasu a Garko, Alu ya gaje shi ya shiga Kano a 1894, Tukur ya rasa ransa a 1895. Agalawa da yawa sun tsaya a ɓangaren Tukur, suka kuwa biya tsada: aka washe dukiyoyinsu, aka kama mutanensu. Tarihin gidan ya nuna cewa Alhassan na cikin waɗanda aka kama tare da 'yan'uwansa, sai da aka yi fansa ya koma Bebeji. Ke nan yaron da baiwa ta raina ya san ɗaurin bauta a jikinsa tun bai kai shekara 20 ba. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa bai nemi kankare laƙabin ba lokacin da ya sami halin yin haka. Mutumin da ya ga yadda ɗa ke wayar gari bawa ba zai ɗauki sunan Tata abin kunya ba.

Laƙabi dai yakan mutu tare da mai shi. Abin da ya raya wannan shi ne kasuwa. Tun yana ɗan shekara 15 Alhassan ya bi ayari har Ankara wurin mahaifiyarsa, bayan basasa kuma ya koma fatauci, yana cikin Hausawan farko da suka gane cewa ya fi sauƙi a ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara da Sakandi zuwa Ikko a kan a bi da shi ta daji. Turawa suka fasa ƙofar Bebeji a kan hanyarsu ta zuwa Kano, wadda suka ci ranar 3 ga Fabrairu 1903, layin dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja daga 1912, Alhassan ya tare a birni ya zauna a Sarari. A 1918 kamfanin Neja ya ɗauke shi dillalin sayen gyaɗa, kafin 1922 ya wuce manyan attajiran birni irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, da bankin Ingilishi na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano a 1929 kuwa, an ce raƙuma 20 ne suka ɗauki kuɗin azurfarsa zuwa can. Duk wannan ciniki a kan amana ya tsaya. Ana ba yara jari su shiga ƙauyuka, ana ba manomi kuɗi tun gyaɗa na cikin ƙasa, ana karɓar kaya bashi a Ikko a biya bayan wata uku. A irin wannan harka tilas mutum ya kasance da sunan da ba ya ruɗewa da na kowa. Alhassan ɗan Abdullahi ba ya ƙirguwa tsakanin kasuwar Kurmi da zangon Ankara, amma Ɗan Tata ɗaya ne tak. Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma a kasuwa da shi ake jan bashi, da shi ake jan biya. Maikano ma da agogo aka san shi, ba da mahaifinsa ba, domin buƙatar iri ɗaya ce.

Tambayar da ke biyo baya ita ce me ya hana a kira shi Alhassan Bebeji, tun da sunan gari ne ya fi yawa a cikin sunayen iyali na Arewa. Amsar tana makarantar boko. A Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, da makarantun midil na larduna, ajin da ke da Abubakar huɗu da Muhammadu shida sai an bambanta su a rajista, hanya mafi sauƙi kuma ita ce a liƙa wa kowa garinsu. Haka aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita da Shehu Shagari, Sardauna kansa Ahmadu Rabah ake kiransa a makaranta. Wannan al'ada ce ta bi ta rajistar ma'aikata da takardar zaɓe har ta kai ga 'yan majalisar kudancin Kano na yau, Alhassan Ado Doguwa mai wakiltar Doguwa da Tudun Wada, da Abdulmumin Jibrin Kofa na Kiru da Bebeji, wanda Kofa gari ne a ƙaramar hukumar Bebeji. Sunan gari yana da amfaninsa, musamman ga mai neman ƙuri'a, amma na kowa da kowa ne: duk wanda aka haifa a Doguwa ko Riruwai ko Kiru yana da ikon ɗaukar sunan garinsu, ɗan hakimi da ɗan talaka, ba tare da jini ya haɗa su ba. Alhassan allo ya yi, bai zauna a ajin da malami zai raɗa masa sunan gari ba. Lokacin da takarda ta iske shi, a littafin akawun kamfani da na banki, ta tarar da shi da sunan da kasuwa ta riga ta tabbatar, sai ta rubuta shi yadda kunnen akawu ya ji, kalma ɗaya, babu lanƙwasa a kan harafin farko.

Alhassan ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955. Da an bi tsohuwar al'ada, 'ya'yansa Ahmadu da Sanusi da Aminu da sauransu Alhassan kawai za su ɗora a bayan sunayensu, jikoki kuma su ɗora sunayen nasu iyayen, Tata ta fita daga lissafi a tsara ta biyu. Ba haka ta faru ba, domin kamfanin da ya bar musu da sunan aka yi masa rajista, kuma amanar da manoma da dillalai da bankuna suka ba shi tana rataye a jikin sunan. Ahmadu ya jagoranci gidan har rasuwarsa a 1960, Aminu ya karɓa, Sanusi ya gina nasa ciniki har ya rasu a 1997, kowannensu Dantata. Babbar shaidar cewa laƙabi ya rikiɗe ya zama sunan zuriya tana wurin mata. Hajiya Mariya 'yar Sanusi ana kiranta Mariya Sanusi Dantata, ba wanda ya taɓa cewa 'Yar Tata. Ranar da mace ta amsa sunan da ya fara da ɗan ba tare da kowa ya ji wani iri ba, ranar ce kalmar ta daina bayyana dangantaka ta koma tambarin gida.

Masu cewa sunan iyali kayan aro ne daga Turawa suna da rabin gaskiya. Takardar da ta daskarar da suna daga wurinsu ta zo. Amma su ma ta wannan hanyar suka sami nasu. Masu harshen Gelik na Ayalan suna cikin mutanen Turai na farko da suka fara gadon suna, tun ƙarni na 10 da na 11, kuma Mac da ke farkon MacDonald ma'anarsa ɗa, O da ke farkon O'Brien ma'anarsa jika, wato jikokin Brian Boru, sarkin da aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014. A harshensu akwai siga dabam da ake kiran 'ya mace da ita, amma da rajistar Ingilishi ta mamaye, mata ma suka koma Mac da O. Abin da ya ɗauke su ɗaruruwan shekaru ya faru a Kano tsakanin 1918 da 1960. Bahaushe kuma ba da hannu wofi ya tari takarda ba: yana da sunan asali irin Agalawa, yana da tsagar fuska, yana da take da kirari da sunan gida, dukkansu hanyoyin sanin wane ne ya fito daga ina.

Ƙorafin da ya fi nauyi na addini ne, kuma ya cancanci a amsa shi da girmamawa. Suratul Ahzab ta yi umarni a danganta ɗan riƙo da mahaifinsa, shi ya sa Zaidu ya koma ɗan Harisa bayan an daɗe ana danganta shi da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mai karatu zai iya cewa to ina hujjar zuriya guda ta ɗauki sunan wadda ba ta haife ta ba. Abin da aka hana shi ne musanya nasaba, a ɓoye uba na gaskiya, gado da aure su rikice. A gidan Alhassan ba a taɓa ɓoye Abdullahi ba. Duk mai ba da tarihin gidan da shi yake farawa. Laƙabin da mutum ya shahara da shi kuwa malamai ba su ga laifinsa ba matuƙar ba na wulaƙanci ba ne. Ladanin Annabi makaho an fi saninsa da Ibn Ummi Maktum, sunan mahaifiyarsa, Muhammadu ɗan Sayyidina Aliyu kuma ya shahara da ɗan Hanafiyya. Game da girmama baiwar da ta yi raino, misali yana gidan Annabi da kansa, wurin Ummu Aiman, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar Nana Amina, ya kuma ci gaba da ɗaukarta a matsayin uwa.

Akwai abin da sunan bai yi ba, kuma adalci ne a faɗe shi. Bai 'yanta Tata ba, bai mayar mata da danginta da bauta ta raba ta da su ba. Dokar Turawa ta 1901 'ya'yan da aka haifa bayan Maris na shekarar kawai ta 'yanta, ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, kuma dubban mata irinta sun goyi 'ya'yan iyayen gijinsu sun mutu ba a ko riƙe sunansu ba. Daga baya ma tsarin gadon suna ya bi ta maza kaɗai. Aliko Dangote, ɗan Hajiya Mariya, wanda aka haifa a 1957, ya rasa mahaifinsa a 1965 yana ɗan shekara 8, kusan shekarun Alhassan lokacin nasa maraicin, kuma a hannun kakansa Sanusi ya tashi. Riƙo ne ya sake aiki a gidan, amma wannan karon sunan mai riƙon bai bi yaron ba, domin an riga an rubuta shi da na mahaifinsa. Yau jaririn da aka haifa a Kiru ko Tudun Wada ana yi masa takardar haihuwa tun kafin a yaye shi, daga nan sunan ya shiga rajistar firamare, ya shiga lambar ɗan ƙasa da ta banki da takardar jarrabawa, kuma harafi ɗaya ya saɓa sai an je kotu an yi rantsuwa an buga sanarwa a jarida. Gwaggo ko kaka na iya riƙe yaro shekara 20, unguwa ta kira shi da sunanta har ya yi furfura, amma gurbin da ke fom ɗin an cike shi tun yana zanen goyo.